Tun da anka sa mini Windows 11 firinta ta tsaya, rubutun Hausa ya watse: a taimaka

Hajiya Rabi, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Taimakon gaggawa nike nema. Ina da shagon buga takardu da foto-kofi nan Tawa, hanyar jami'a, kuma kun san yanzu ne ɗalibai ke kawo memwar, wato kundin kammala karatunsu. Wani yaro mai gyara ya ce mini Windows 10 ta ƙare, in ban canza ba ɓarayin intanet za su shigo mini, sai na ba shi inji ya sa Windows 11. Tun ranar firinta ba ta bugawa, kwamfutar ba ta ma ganin ta. Manhajar da nike yi ma mutane faktir, wato takardar neman biya, wadda ke riƙe da lissafin bashin da nike bin makarantu da ƙungiyoyi, babu ita. Na sa faifanta in sake girkawa, sai allo ya rubuto "Cette application ne peut pas s'exécuter sur votre PC". Abin da ya fi ci mini rai littafin yaƙi da jahilci na Malam Isuhu, da munka daɗe muna bugawa, duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma wasu haruffa. Yaron ya yi tafiya, wayarshi ba ta shiga. Mi za ni yi?

Lawali mai gyara, Yamai: Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da wannan ɗawainiya. Kafin komi, kada ki bari wani ya sake yi mata formataj, ko da ya rantse miki. Yau kwana nawa da saka Windows ɗin? Sannan ki buɗe C: ki duba ko akwai dosiye mai suna Windows.old.

Hajiya Rabi, Tawa: Yau kwana shida. Na duba, akwai shi, Windows.old.

Lawali mai gyara, Yamai: Alhamdu lillahi. To ki ajiye duk wani aiki, ki nemo diski na waje ko babbar kile ta USB, ki kwafe wannan dosiye yau ɗin nan. Windows na share shi da kanta bayan kwana 10. Tsohuwar kwamfutarki kaf tana cikinsa: manhajar faktir, lissafin bashin, har salon haruffan da kuka buga littafin Malam da shi. In ya tafi, aikin ya zama wani abu daban. In babu wurin da zai ɗauke shi duka, ki fara da Users, da Program Files, da Windows\Fonts.

Ibro: Ai abin mai sauƙi ne. Paramètres, Système, Récupération, a danna "Retour en arrière", ta koma Windows 10 kamar ba a yi ba. Tunda kwana 10 ba su cika ba, me ake jira?

Hajiya Rabi, Tawa: Ɗana na je wurin, maɓallin a dushe yake, ba shi dannuwa.

Hadiza, Harobanda: Inna Rabi, ina wuni. Wannan dushewar ta gaya mana abin da ya faru. Ina zargin tsohuwar Windows ɗinki mai bit 32 ce. Ki duba cikin Windows.old: in "Program Files" guda ɗaya kika gani, babu "Program Files (x86)" kusa da shi, to haka ne. Windows 11 kuwa ba ta da ta bit 32 sam, bit 64 kaɗai aka yi ta. Ba a hawa daga 32 zuwa 64 ta hanyar sabuntawa, dole a girka sabuwa fil. Shi ya sa babu hanyar komawa baya da maɓalli, domin ba sabuntawa aka yi miki ba, sabon girki ne. Sa'ar da aka yi, bai goge diskin ba, shi ya sa Windows.old ya tsira.

Kuma wannan ne ya haɗa biyu daga cikin matsalolinki. Manhaja mai bit 32 tana tafiya lafiya a Windows mai bit 64, amma abu biyu ba sa tafiya: pilot na bit 32, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura irin firinta, da tsohuwar manhaja mai bit 16. Faifan da ya zo da firintarki mai yiwuwa pilot na 32 ne a ciki. Faifan manhajar faktir kuma, da yawa daga cikin na shekarun baya, ita manhajar 32 ce amma abin da ke girka ta 16 ne, sai allo ya ba da wannan saƙon da kika rubuto.

Hajiya Rabi, Tawa: Ɗiyata gaskiyarki, guda ɗaya ne Program Files. Allah shi yi miki albarka. Na aiki yaro kasuwa ya sayo diski, ana cikin kwafewa.

Alhaji Garba mai kantin magani: Hajiya sannu. Ni fa shi ya sa ban yarda kowa ya taɓa tawa ba. Windows 7 ke kanta har gobe, manhajar lissafin magani na tafiya, firintar tikiti na tafiya. Yaran nan kullum sai su zo su ce a canza, a canza. Abin da ke aiki me ya kai mutum taɓa shi?

Hadiza, Harobanda: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. In kwamfutar ba ta hawa intanet, haɗarin ya ragu, ban musa ba. Amma Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020 aka daina toshe mata ɓaraka, Chrome ma ya tsaya mata a lamba 109 tun farkon 2023. Kuma ba intanet kaɗai ke kawo cuta ba, kile ma na kawowa. Kai kantinka ba kowa ke soka maka kile ba. Inna Rabi kuwa ɗalibi nawa ke miƙo mata kile a wuni, kowace ta zaga kwamfutoci barkatai kafin ta iso? Halinku ba ɗaya ba ne. Yaron da ya ce mata Windows 10 ta ƙare bai yi ƙarya ba, ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta dakatar da tallafinta na kowa da kowa. Inda ya ɓata shi ne bai zauna ya tambaye ta da me da me take aiki ba kafin ya taɓa.

Alhaji Garba mai kantin magani: To na ji. Amma ni dai ba yanzu ba.

Lawali mai gyara, Yamai: Alhaji, ko ba ka canza ba, ka riƙa kwafe lissafin kantin a wani diski duk mako. Injin da ya kai shekarun Windows 7, diskinsa ma ya tsufa, ga zafi ga ƙura ga ɗaukewar kuran.

Hajiya mu koma kan firinta, ita ce mai kawo kuɗin cefane. Ki manta da faifan nan. Ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, shi kansa, ki rubuta lambarta daidai yadda take jikinta, ki zaɓi pilot na bit 64. In ba ki ga na Windows 11 ba, ki ɗauki na Windows 10 mai 64, galibi yana yi. Ki cire wayar USB ɗin firintar kafin ki fara girkawa, sai ya ce ki soka sannan ki soka. Don Allah kada ki sauko da manhajojin nan masu cewa za su nemo miki duk pilot da dannawa ɗaya. Injinan da ake kawo mini nan da talla ta cika su, da yawansu daga nan suka kwaso.

Hajiya Rabi, Tawa: Na samu na Windows 10 mai 64, na girka, ya ce an gama. Amma in na tura takarda sai ta zauna cikin layi, firinta ba ta ko motsi.

Lawali mai gyara, Yamai: Shiga "Propriétés de l'imprimante", ki buɗe "Ports". Ki gaya mini inda alamar take.

Hajiya Rabi, Tawa: Tana kan LPT1.

Lawali mai gyara, Yamai: Ga shi nan. LPT1 tsohuwar kafa ce mai faɗi ta firintocin da, taki kuwa ta USB ce. Mayar da alamar kan USB001, in akwai USB002 kuma ta farko ba ta yi ba ki gwada ta. Ki share duk takardun da suka taru a layi kafin ki sake turawa, in ba haka ba za ta fito miki da su duka ta cinye takarda.

Hajiya Rabi, Tawa: Ta buga! Wallahi ta buga. Malam Lawali Allah shi saka maka da alheri, shi rufa maka asiri. Akwai yarinya zaune nan tun hantsi, jibi za ta kare memwar ɗinta, yanzu haka shafukanta ke fita.

Malam Isuhu: Assalamu alaikum jama'a. Ni ne mai littafin da Hajiya ta ambata. Na zo shagon na gani da idona, hankalina ya tashi. Inda munka rubuta ƙasa ya koma qasa, ɗaki ya koma xaki, ɓarawo ya koma varawo. Littafi ne na manya masu koyon karatu a ƙauyukan wajen Illela da Keita, darasin farko ma a kan waɗannan haruffa yake. Shin aikin ya lalace ke nan, sai mun sake bugawa daga farko?

Hadiza, Harobanda: Malam, kwantar da hankalinka, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Abin da ke cikin takardar tun asali q da x da v ne. Tsohon salon haruffan da kuke amfani da shi an zana shi ne yadda in an buga q zai nuna ƙ, in an buga x ya nuna ɗ. Dabara ce ta lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba, ta kuma yi wa mutane aiki sosai. Da aka girka sabuwar Windows salon bai biyo ba, sai Word ya ɗauko wani ya nuna abin da ke ƙasa.

Gyaran gaggawa: a buɗe takardar, a duba sunan salon a saman Word, a nemo shi cikin Windows.old\Windows\Fonts, a danna dama a kansa a zaɓi "Installer". A rufe Word a sake buɗewa, littafin zai dawo yadda kuka san shi.

Amma Malam, ina roƙonka kada ku tsaya nan. Muddin littafin na kan wannan salo, duk wanda kuka tura wa, ko maɗaba'a a Yamai ko wani malami a wayarsa, qasa da xaki zai gani. Yanzu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne yana da gurbinsa na kansa a Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya da kwamfuta da waya ke bi, ga su nan ina rubuta su a waya kuna gani. Ku yi kwafin littafin, a cikin kwafin ku danna Ctrl da H, ku musanya q da ƙ, x da ɗ, v da ɓ, ku sa alama a "Respecter la casse" don manya su tafi daban, ƙanana daban. Haruffan ku kwafe su daga saƙon nan: ƙ Ƙ ɗ Ɗ ɓ Ɓ ƴ Ƴ.

Malam Isuhu: Madalla da wanga bayani. Sai dai akwai gabatarwa da jagoran malami cikin Faransanci a littafin. In munka musanya duka, ai "vocabulaire" da "exercice" za su lalace.

Hadiza, Harobanda: Tambaya mai kyau Malam, nan ne mutane ke ɓata aiki. Kada ku danna "Remplacer tout" a kan littafin gaba ɗaya. Tunda Faransancin ba zai yiwu a ce da wancan salon aka buga shi ba, in ba haka ba da tuni v ɗinsa ya fito ɓ, to a cikin akwatin musanyawa ku danna "Plus", sannan "Format", sannan "Police", ku zaɓi sunan tsohon salon. Word zai taɓa abin da aka rubuta da shi kaɗai. Bayan an gama sai ku mayar da rubutun kan salon da ke da haruffan. Times New Roman da Arial na Windows ta yanzu suna da su. Tunda na masu koyon karatu ne, ku duba salon Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, kyauta ne, kuma don koyon karatu aka zana shi. Ku kuma lura da ƴ, ku ga da wane maɓalli aka buga ta a tsohon salon, domin a ƙa'idar rubutunmu ta Nijar ta 1999 ƴ ake rubutawa, a Najeriya kuma 'y. Ku bi littafin shafi-shafi bayan musanyawa, kada ku dogara da inji.

Mamman Sani: Ni duk wannan wahala ban ga dalilinta ba. A sa mata Linux Mint a huta. Kyauta ne, ba ya neman TPM, ɗan guntun tsaron nan da Windows 11 ke nema a inji, ba ya neman sabon inji, LibreOffice na ciki yana buɗe takardun Word, cutar kile ta Windows ba ta kama shi. Tawa kwamfutar ta girmi ta Hajiya, tana gudu lafiya lau. Har yaushe za mu riƙa zubar da inji mai lafiya don wani kamfani ya ce ya tsufa?

Lawali mai gyara, Yamai: Sani, ni ma ina sa wa mutane Mint, musamman masu shiga intanet da kallo da ɗan rubutu. Amma ka taɓa buɗe memwar mai shafi ɗari da ɗalibi ya tsara a Word, da teburori da jerin babi da lambobin shafi, a LibreOffice? Buɗewa zai yi, amma sau da yawa shafi na zamewa, tebur ya tsallaka, abin da ke shafi na 40 ya koma 41. Ɗalibi ya kai wa malaminsa, a ce jerin babi bai dace da shafuka ba, wa zai zaga? Hajiya. Sana'arta ita ce ta fitar da takarda yadda aka kawo ta. Ga manhajar faktir ta Windows ce. Ba a yi wa mai shago gwaji a tsakiyar kakar aikinta.

Mamman Sani: Ɗalibai su riƙa kawo PDF mana, ai ba ya zamewa. Manhajar kuma akwai Wine, mai tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux.

Hajiya Rabi, Tawa: Ɗana, rabin masu zuwa nan gyara suke so a yi musu kafin a buga, a daidaita take, a sa lambar shafi. PDF ba shi yi mini. Amma akwai wata tsohuwar inji a gida da yara ke so, in kana Tawa wata rana ka zo ka sa musu naka ɗin.

Yanzu saura faktir. Bashin da ke ciki ba kaɗan ba ne, kuma ban da shi a takarda.

Hadiza, Harobanda: Inna, faifan ba zai girku ba, mu bi ta bayan gida. Cikin Windows.old\Program Files ki nemo dosiyen manhajar, ki kwafe shi dungurungum ki zuba cikin C:\Program Files (x86). Ki buɗe shi ki danna fishiyen da ke da hoton manhajar. Duk abin da ya rubuto ki kwafo mana shi harafi da harafi, kada ki taƙaita.

Hajiya Rabi, Tawa: Ya ce ba a iya ci gaba don "MSVCR100.dll est introuvable".

Ibro: A rubuta sunan a Google, akwai shafuka masu ba da DLL, a sauko da shi a jefa cikin System32.

Hadiza, Harobanda: A'a Ibro, don Allah. Ba ka san wanda ya ɗora fishiyen nan ba, ba ka san abin da ya cusa ciki ba, kuma kana iya ɗauko na 64 ka ba manhajar 32, ta koma ba da kuskuren 0xc000007b. MSVCR100.dll ɓangare ne na Visual C++ 2010 Redistributable na Microsoft. Lambar ce ke faɗin shekarar: 100 na 2010 ne, 120 na 2013, VCRUNTIME140 kuma na 2015 zuwa sama. Inna, ki ɗauko shi daga shafin Microsoft, ki zaɓi x86, ba x64 ba. Ko da Windows ɗinki 64 ce, manhajar ce ke buƙata, ita kuwa 32 ce. In bayan haka ta nemi .NET Framework 3.5, yana cikin "Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows", alama kawai za ki sa, amma sai da intanet. In ta buɗe ta rufe da kanta, ki danna dama, Propriétés, Compatibilité, ki zaɓi Windows 7.

Hajiya Rabi, Tawa: Inna lillahi. Ta buɗe, amma babu komi ciki. Sunan shago ma babu, kamar ranar da anka kawo ta. Na danna "Exécuter en tant qu'administrateur" kamar yadda wani ya ce mini ta waya, duk ɗaya. Jikina ya yi sanyi.

Lawali mai gyara, Yamai: Hajiya kada ki rubuta komi a ciki, ki rufe ta. Lissafinki na nan in sha Allahu, na sha ganin irin wannan. Tsofaffin manhajoji sun saba ajiye bayanansu cikin dosiyensu na Program Files. Tun daga Windows Vista aka hana haka, amma don kada su mutu sai Windows ta riƙa karkatar da abin da suka rubuta zuwa wani ɓoyayyen wuri, ita manhajar ba ta ma sani ba. Ki shiga Windows.old\Users, sunanki, AppData\Local\VirtualStore\Program Files. AppData a ɓoye yake, sai kin je "Afficher" kin sa alama a "Éléments masqués". In kin ga dosiye mai sunan manhajar, ki duba ranar da ke jikin fishiyoyin.

Hajiya Rabi, Tawa: Ga shi! Akwai guda babba, ranar da ke jikinshi ita ce ranar da yaron ya ɗauki inji.

Lawali mai gyara, Yamai: Shi ne. Fara yin kwafinsa biyu, ɗaya a diskin waje, ɗaya a kile, kafin ki taɓa komi. Sannan ki zuba dosiyen a sabon wurin: C:\Users, sunanki, AppData\Local\VirtualStore\Program Files (x86). In babu wannan na ƙarshe ki ƙirƙire shi da sunan daidai. Ki buɗe manhajar yadda kika saba, ba da administrateur ba, domin in an buɗe ta haka Windows ba ta karkatarwa, sai ta koma kallon wancan fankon.

Hajiya Rabi, Tawa: Alhamdu lillahi, sun dawo, kowa da bashinshi. Har hawaye sunka zubo mini. Abu guda, kwanan wata ya juye, faktir ta 3 ga watan 11 tana nuna 11/3, kuma in na rubuta 2,5 sai ta ƙi karɓa.

Hadiza, Harobanda: An bar miki tsarin yanki na Amurka ne lokacin girkawa, su wata suke fara rubutawa kafin rana, kuma ɗigo suke sawa inda muke sa waƙafi. Paramètres, "Heure et langue", "Langue et région", ki mayar da "Format régional" kan Faransanci, ki rufe manhajar ki buɗe. Zai gyara miki har Excel, domin irin wannan ne ke sa fishiyen CSV ya cunkushe a layi ɗaya. Ki duba faktir biyu-uku da kika san kwanansu da ka, ki tabbatar sun daidaita kafin ki shigar da sabuwa.

Ibro: To tunda komi ya dawo, ta zauna kan 11 ɗin ke nan?

Lawali mai gyara, Yamai: Nan ne ni nake da ja. Hajiya, danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ki karanto mana layin "Processeur". Sannan winver, ki faɗi lambar sigar Windows ɗin.

Hajiya Rabi, Tawa: Core i5-3470. Ɗayan kuma 24H2.

Lawali mai gyara, Yamai: Kun gani. Wannan zubi na 3 ne na Intel. Windows 11 daga zubi na 8 take karɓa, da TPM 2.0, da RAM giga 4, da diski giga 64. An tsallake binciken ne aka cusa mata, irin yadda ake yi da Rufus, manhajar da ke haɗa kilen girka Windows. Microsoft ta faɗa a fili cewa injin da aka yi wa haka ba ta ɗauki alkawarin ba shi sabuntawa ba. Ni a ganina in kaka ta wuce a mayar da ita Windows 10 22H2, a shiga shirin ESU na ƙarin wa'adi, wanda aka sanar zai ba da toshiyar tsaro har 13 ga Oktoban 2026. Da asusun Microsoft ake shiga, ko a biya dala 30 ta Amurka, ko a samu kyauta in an yarda Windows ta ajiye saitunan inji a asusun. Aƙalla injin na kan abin da aka yi dominsa.

Hadiza, Harobanda: Yaya Lawali, a nan ban bi ka ba. Yanzu aka gama tayar da firinta da faktir da haruffa, sai a sake rushewa a fara daga farko? Kuma ka duba kwanan: 24H2 ta Famille da Pro ita ma ranar 13 ga Oktoban 2026 tallafinta ke ƙarewa. Duk hanyar da ta bi, rana ɗaya za ta tarar. Bambancin kawai, a kan 11 ana iya gwada hawa ta gaba da hannu, ba tabbas, a kan 10 kuwa an kai bango. Ni dai a bar ta inda take, ta riƙa leƙa Windows Update duk wata ta ga ko sabuntawar tsaro na shigowa. Ranar da ta daina shigowa sai a sake shawara.

Lawali mai gyara, Yamai: Ƙanwata, ke kina kallon kwanan wata, ni ina kallon injin da zai kwana lafiya ya tashi da baƙin allo bayan wata sabuntawa, mai shi na Tawa, mu muna Yamai, tafiyar wuni guda a mota. Na ga masu Core 2 Duo da aka cusa wa 11, da 24H2 ta zo ko tashi ba su yi ba, don tana neman umarnin da babu a tsohon processeur. Nata ya tsallake wannan, amma wa ya san na gaba?

Hadiza, Harobanda: Shi ya sa za ta riƙa kwafe VirtualStore da takardun mutane a diskin waje duk Juma'a. Da wannan, ko ta tashi da baƙin allo, aikin wuni ɗaya ne. Abin da muka haɗu a kai ni da kai, injin nan ba zai kai ta nesa ba, ta fara tara kuɗin wani. Kuma manhajar faktir ɗin nan, Inna, tunda faifanta ba ya girkuwa, ki buga jerin masu bashi a takarda duk ƙarshen wata, ki fara neman wadda za ta gaje ta tun tana aiki.

Mamman Sani: In ta sayi wani, wannan kada a yar da shi. Mint zai riƙe shi shekaru.

Malam Isuhu: Mun girka tsohon salon, littafi ya dawo. Mun kuma yi kwafi mun fara musanyawar, darasi uku sun gama, na tura ma wani malami a Madawa ta waya ya ce ƙ da ɗ sun fito mishi daidai. Wannan bai taɓa yiwuwa ba a da, kullum sai dai in buga a takarda in ba direba. Ɗiyata Hadiza, yaya za mu riƙa buga sabon rubutu da waɗannan haruffa ba tare da kwafe-kwafe ba?

Hadiza, Harobanda: Malam, Windows na da kilabiyen Hausa, wato tsarin maɓallan rubutu, ana ƙara shi a "Langue et région", a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Espace. Sai dai wanda hannunsa ya saba da kilabiyen Faransanci na AZERTY zai ɗan sha wuya da farko. Akwai kuma manhajar kilabiye ta Keyman na SIL, shi ma kyauta. Wata hanya mai sauƙi a Word: Insertion, Symbole, ku nemo harafin, ku danna "Touche de raccourci" ku ba kowanne maɓallinsa, misali Alt da K ya ba da ƙ. Sau ɗaya ake yi.

Hajiya Rabi, Tawa: Saura abu guda da ban faɗa ba don bai kai sauran zafi ba. Babbar injin foto-kofi, a da in na yi sikan, kai tsaye takarda ke faɗowa cikin wani dosiye a kwamfuta. Yanzu sai ta ce ba ta samu hanya ba.

Ibro: SMB1 ne, tsohon tsarin tura fishiye tsakanin injina. A kunna shi a fonctionnalités, zai yi.

Lawali mai gyara, Yamai: Mai yiwuwa shi ne, tsofaffin injinan nan da shi suke magana, kuma Windows ta daina zuwa da shi a kunne. Amma da dalili aka kashe shi, ta ɓarakarsa WannaCry ta bi a 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa. A shagon da kowa ke kawo kile, wasu ma a ba su wifi, ban ba da shawarar a kunna ba. Kuma ka tuna sabon girki ne, dosiyen da aka raba da sunan mai amfani da kalmar sirrin da injin ya sani duk sun tafi, ko an kunna ba lalle ya yi ba. Hajiya, duba gefen injin ko akwai kafar USB. In akwai, ware kile ɗaya ta shago, wadda ba ta fita, ki riƙa yin sikan a kanta. In na samu lambar injin zan duba ko kamfanin ya fitar da sabuntawar da ke sa shi jin SMB2.

Hajiya Rabi, Tawa: Akwai kafar, na gwada, ya yi. Zan turo maka lambar ta waya. Batun sabon inji kuma, bayan kaka zan sa ƙanena ya zo wurinka Yamai ku duba na hannu mai kyau. Mi zai lura da shi kada a sake saida muna wanda 11 ba ta karɓa?

Lawali mai gyara, Yamai: Kada ya tsaya ga takardar da aka manna a jiki mai cewa i5 ko i7, wannan ba ta faɗin zubi. A kunna injin a gabansa, ya buɗe msinfo32 ya karanta lambar da ke bayan i5 ɗin: in ta fara da 8 ko 9, kamar 8500, ko ta zama lamba biyar kamar 10400, ya yi. In 6500 ce ko 7500, ya bari ko da an ce masa 11 na kai. Ya rubuta tpm.msc ya ga an ce 2.0. RAM kada ta gaza giga 8, diskin ya zama SSD. Ya zo da lambar firinta da ta foto-kofi a rubuce, da kwafin dosiyen manhajar faktir a kile, mu gwada su a kan injin tun a shago kafin ya biya.